Tsohon da Muka Saba Tayarwa

Ranar sadakar uku ta surukina ina zaune a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, sai na ji wani abu ya faɗo mini a kan hula. Na shafa, ɓawon gyaɗa ne. Na ɗaga kai, ga wani dattijo mutumin Pauwa tsaye da sandarsa, hannunsa bai ma gama sauka ba. Na tabbata shi kansa bai san ya yi jifar ba. Ganina kawai ya yi, hannu ya yi abin da ya saba.

"Ga mugun nan," in ji shi. "Kai dai ba ka mutuwa."

Wasu suka fashe da dariya, suka tuna inda suke, suka haɗiye ta. Dattijon ya laluba gefen tabarma ya zauna, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Ba wanda ya ba shi haƙuri, don duk wanda zai buɗe baki shi ma abin da ke cinsa ke nan.

Haka zaman makokin ya kasance tun ranar farko. Mutum zai zo ya durƙusa, ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan Baba, a shafa fatiha. Sai can ka ji ya kwaikwayi muryar Baba ƙasa-ƙasa, na kusa da shi ya amsa, a yi murmushi, sannan shiru ya biyo baya. Wan marigayin, wanda duk muke kira Malam, yana tsakiya yana jan carbi yana harararsu, amma bai hana ba. Can gindin dalbejiya kuma makaɗin Baba ne, wani Bamaguje abokinsa tun ƙuruciya, ya zauna shi kaɗai da kalangu a cikin buhu. Bai fito da shi ba, bai kuma bar shi a gida ba. Matata ta ce cikin gida ma haka mata suke yi, kuka da dariya a haɗe. Mutanen da suka zo ba su kai rabin waɗanda ya kamata su zo ba. Wasu hanya ce ta hana su, wasu kuma ba mu san garin da suke ba yanzu, wasu sun riga shi tafiya.

Ni tela ne, ba marubuci ba. Amma na ga yadda ake manta mutane a ƙasar nan kwanan nan, a rufe mutum da safe, kafin la'asar wata mutuwar ta danne tasa. Ba na so a yi wa uban matata haka. Shi ya sa na ture keken ɗinki gefe na zauna.

Wanda bai san shi ba zai ce Baba mai gidan kallo ne. Ba haka ba ne. Manomi ne, mai dawa da masara da shanun huɗa biyu, a wani ɗan ƙauye tsakanin Kankara da Faskari. Sai an gama girbi an cika rumbuna yake ɗauko farin yadinsa da 'yar majigi da janareta, ya bi kasuwanni. Ya fi son Yankara. In kasuwa ta fara watsewa sai ya ɗaure yadin tsakanin itace biyu, maza su zauna ta gaba, mata ta baya, tunda hoton yana ratsa yadin kowa yana gani. Mata dai a juye suke ganin komai, amma ban taɓa jin wadda ta yi ƙorafi ba.

Fim ɗaya tak yake da shi. Wani tsohon fim ɗin Indiya ne wanda ba mai sanin sunansa, takardar jikin kaset ɗin ta ɓare tun kafin a haifi matata. Labarin wani tsoho ne mai shanun huɗa, da wani mugu da ya ɗora ido a kan shanun. Kaset ɗin ya tsufa har muryarsa ta ɗauke, kuma da zamani ya canja aka juye shi a faifai, aka sake juye shi a waya, da bebancinsa ya taho. Wani ne da sai ya jefar. Baba kuwa sai ya tsaya gaban yadi ya zama bakin tsohon. Makaɗinsa ya zama waƙa da tsawa da ƙarar bindiga. Wani mahauci mai gemu ya yafa gyale ya zama 'yar tsohon, yana rangwaɗa da tulu a kai. Sauran aikin kuma na 'yan kallo ne.

Ba a zuwa kallon Baba a naɗe hannu. In shanu suka fito a yadi, kowa sai ya yi kukan sa, har dattawa masu furfura. In 'yar tsoho ta je rijiya, masu buta su yi ta yayyafa wa na kusa da su ruwa. In ya hango wani ya yi tagumi yana kallo kawai, sai Baba ya bar tsohon da ke cikin yadi yana ta motsa baki a banza, ya nuna mutumin da yatsa.

"Kai, wanga na riga shuɗiya! In shiru ka zo yi, tahi gida ka kalli bangon ɗakinka, shi ma hwari ne."

Akwai shekarar da wani ɗan'uwansa ya kawo masa sabon kwafi daga Funtua, mai murya garau, har da fassarar Hausa. Ya yi zaton gata ya yi masa. Aka kunna a Yankara. Tsohon yadi bai gama jimla biyu ba wuri ya kaure. "A kashe muryar! Wa ya ce haka tsohon ke magana? Ƙarya ce!" Har 'yan bayan yadi suna dukan ƙwarya. Dole aka rufe wa fim baki aka mayar wa Baba da nasa. Ɗan'uwan ya yi fushi ya ce mutanenmu ba su san ci gaba ba. Baba kuwa ranar har ya kai gida yana tafiya yana gyara hula.

Gundarin abin kuwa yana wajen ƙarshe. Mugu zai zo ya ƙwanƙwasa ƙofar tsoho. Jama'a su ɗauka gaba ɗaya, "Kada ka buɗe! Baba, kada ka buɗe!" Sai ya juyo ya dube su da mamaki, kamar yau ya fara jin maganar.

"Baƙo ne hwa. Ya za a yi mutum ya ƙi buɗe ma baƙo?"

Ya buɗe. Makaɗi ya daki kalangu da ƙarfi, tsohon yadi ya faɗi, Baba ma ya faɗi ƙasa warwas. A fim ɗin tsohon ya mutu ke nan. Amma mutanenmu ba su taɓa yarda ba. An ce tun farkon lamarin wata mai ƙosai ce ta yi ihu daga bayan yadi, ta ce wallahi ba su yarda ba, ya tashi. Daga nan abin ya zama doka. Baba zai kwanta kamar gawa, makaɗi ya soma wani kiɗa a hankali, sai garuruwa su fara kira ɗaya bayan ɗaya.

"Yankara ta ce ka tashi!" Sai ya motsa babban yatsan ƙafa.

"Mabai ta ce ka tashi!" Sai gwiwa ta lanƙwashe.

"Pauwa ta ce ka tashi!"

Haka za a yi ta bi, har 'yan Sabuwa da suka zo cin kasuwa, har ƙananan ƙauyukan da gidajensu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kuma yana sane da kowa. In ya san akwai mutum ɗaya daga wata 'yar unguwa a bayan dutse da kunya ta hana shi magana, to zai ci gaba da kwanciya har sai jama'a sun zaƙulo mutumin sun sa shi ya yi kira. Sannan ya miƙe tsaye, ya buɗe babbar rigarsa ya tare hasken majigi, domin a daidai nan ne ake ƙona gawar tsohon a fim, shi kuma ba ya so a gani. Hasken ya zuba a kan rigarsa, ya kori mugu, ya ƙwato shanunsa, a kashe inji. Ba wanda ya taɓa ganin abin da ya biyo baya, ba kuma wanda ya damu.

Yakan ce, "Ni ba ni tashi don kaina. Sai an so ni."

To mugun nan da ake magana, ni ne.

Na je gidansa ne neman aure, ba neman aiki ba. Na durƙusa a zaure kaina a ƙasa, ya daɗe yana kallona. Allah ya yi ni dogo, baƙi, ga tabon ƙuna a kunci tun ina yaro. Can sai na ji ya ce wa makaɗinsa, "Diba mani huskar ga. Asara ce a bar ta bayan keken ɗinki." Ɗiya dai ya ba ni, amma kakar da ta biyo baya na tsinci kaina da baƙin rawani a fuska da bindigar itace da aka shafa wa baƙin batir. Aikina in shigo ina gurnani, jama'a su rufe ni da ɓawon gyaɗa. Mutane tun daga gida suke tara ɓawon don ni. Akwai masu haɗawa da ƙwallon goruba, Allah dai ya isa. Bayan an watse Baba da kansa yake share wurin ya zuba ɓawon a buhu. In buhu ya cika sai ya ɗaga shi ya jijjiga, ya ce, "Yau an tsane ka da kyau. Allah shi yi maka albarka."

Kowa ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa a wurinmu. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa haɗa ido da shi ba a gida. In na hango shi a hanya sai in cire takalmi in durƙusa, ko in sake hanya. In ina da magana, matata nake gaya wa ta kai, ta dawo da amsa. Amma da an kunna inji, ni ne mai cin kwalarsa ina jijjiga shi, ina kiransa tsohon banza, shi kuma yana zagin kakannina. Mutane sun fi jin daɗin wannan a kan fim ɗin kansa. Duk maganar da muka taɓa yi da shi ido da ido, a gaban yadin nan muka yi ta.

Wata shekara muka saɓa da matata ta yi yaji. Girman kai ya hana ni zuwa biko, kunya ta hana shi aiko mini. Ranar kasuwa ta zo, ba yadda zan yi, na naɗa rawanina na fito. Na ci kwalarsa kamar kullum na ce ya ba ni shanu. Maimakon amsar da ya saba, sai ya riƙe hannuna gam.

"Shanu kake so? Kai da ka kasa riƙon mace guda? Ga ta can bayan yadi ta cika mani gida da kuka tana cinye mani dawa. Gobe ka taho da goro da sabulu ka ɗauki abarka, in ba haka ba ko Kano ta zo ta kira ni ba ni tashi!"

Wuri ya ɗauka. Ta bayan yadi mata suna ta guɗa. Na harbe shi ranar da gaske a raina, amma washegari da sassafe ina ƙofar gidansa da goro da sabulu. Ya fito zai tafi gona, na durƙusa, ya amsa gaisuwa yana kallon wani wuri kamar bai san abin da ya kawo ni ba. Ba mu taɓa tada maganar ba har ya bar duniya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa taka wurin kallon ba, shi ne wansa. Malam ya ɗauki abin a matsayin zubar da girman gida. Wata rana a gabana, ina rakuɓe a bakin zaure, ya tare shi.

"Kai yanzu da hurhurarka kana birgima a ƙasa gaban mata da yara? Ka mutu ka tashi, ka mutu ka tashi. Da mutuwa ake wasa?"

"Yaya, ni ba da mutuwa nike wasa ba. Da mutane nike."

"To ranar da ta zo ta gaske sai ka ce su kira ka mu gani."

Rani guda Malam bai sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Daga baya sun shirya, amma bai janye maganarsa ba, Baba ma bai ajiye yadinsa ba. Malam ne ya yi masa wanka ranar da ya rasu. Da ya fito yana sauke hannun riga, ya tsaya kusa da ni, ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Na yi ta diban babban yatsan nan nashi." Mutumin da bai taɓa zuwa kallo ba, ban san inda ya san zancen yatsa ba. Surukata ce ta gaya wa matata cewa duk ranar da aka yi wasan a ƙauye, Malam yakan shimfiɗa buzunsa a bayan katanga ya ce iska yake sha.

Sai abin da ya same mu ya same mu. Ba sai na yi bayani ba, duk wanda yake ƙasar nan ya sani. Da farko shanu ake kora, daga baya aka koma kan mutane. Kasuwa ta fara watsewa tun rana tsaka, ba mai tsayawa kallo bayan magariba. In an yi wasan ma, sai a kira wani ƙauye a ji shiru, don ba kowa a cikinsa. Baba yakan ɗan jinkirta a kwance ko wani zai amsa, sannan ya haƙura ya tashi. Wata damina aka kore nasa shanun biyu. Kakar da ta biyo baya ba a yi girbi ba. Muka matsa masa ya baro ƙauye ya dawo gidana a Kankara, shi da surukata. Ka ga tashin hankali, suruki a gidan suruki. Na koma cin abinci a shago, shi kuma ya koma zaman zaure, yana kallon mutanen ƙauyuka da suka cika gari, wasu a kangon gini, wasu a rumfunan kasuwa. Ya san kusan kowa da ƙauyensa. In sun gaishe shi sai ya tambayi wane da wane, su sunkuyar da kai.

Wata rana matata ta same ni a shago ta ce Baba ya ce a wanke yadi. Ya samu aron wani sito, irin wanda ake tara hatsi, wanda yake fayau tunda ba hatsin da ke shigowa. Da rana za a yi, a toshe tagogi da buhuna. Kyauta ne, don mutanen da suka baro gidajensu. Makaɗinsa ma yana gari, shi ma gudu ya kawo shi.

Jikina bai ba ni ba. Na ce ta gaya masa a yi wasan, amma a bar bindiga da baƙin rawani. Ta je ta dawo.

"Ya ce mugun da ba bindiga wa zai jehe shi? Ya ce mutanen ga an yi masu abin da anka yi masu, ba su samu ko mutum guda sun jeha ba. Bari su samu wanda za su huce a kanshi ko sau ɗaya."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya ma sa aka soya gyaɗa aka raba a ƙofa, don kada wani ya rasa ɓawo.

Sito ya cika. Ba a raba maza da mata da yadi ba wannan karon, an dai bar hanya a tsakani. Aka kunna inji, Baba ya fito da tsohuwar babbar rigarsa, aka ɗan yi tafi. Muryarsa tana nan yadda take. Amma da shanu suka fito a yadi, mutum biyu ko uku ne suka yi kukan sa, suka ji su kaɗai ne suka bari. Wani dattijo a gaba ya zura wa shanun ido hawaye yana bin gemunsa. Ina laɓe a bayan ƙofa ina jin yadda wurin yake sanyi, ina fata Baba ya tsayar da abin. Bai tsayar ba. Ya ƙara murya, ya yi ta tsokanar mutane da sunayen ƙauyukansu.

Lokacina ya yi. Na ƙwanƙwasa. Na jira in ji "Kada ka buɗe!" Ban ji komai ba sai ƙarar janareta. Baba ya juyo ya dubi jama'a kamar yadda ya saba, ya ba su amsar gargaɗin da ba wanda ya yi. Ya ce baƙo ne, ya za a yi mutum ya ƙi buɗe wa baƙo. Sannan ya buɗe.

Ina shigowa da rawani da bindiga wata mata ta ƙwalla ƙara, irin wadda ban taɓa ji ba a wurin wasa. Yara suka cusa kai a jikin iyayensu. Na ga maza manya sun ja baya har suna taka juna. Ko ɓawo ɗaya bai taɓa ni ba. Kowa yana riƙe da nasa a hannu, ya dunƙule. Na so in juya in fita, amma Baba ya riga ya kama hannuna ya ɗora a kwalarsa. Makaɗi ya daki kalangu. Baba ya faɗi.

Kiɗan tashi ya fara. Ya zagayo, ya sake zagayowa. Ba Yankara, ba Mabai, ba Pauwa, alhali duk ga mutanensu nan a zaune. Baba yana kwance a kan siminti, ƙafarsa a miƙe tana jira. Fim kuwa bai tsaya ba, kuma ba mai tare hasken. Ranar ce muka fara ganin abin da ya yi shekaru yana ɓoye mana da rigarsa. A cikin fim aka ɗauko gawar tsohon aka ɗora a kan itace, aka cinna wuta, hasken wutar yana sauka a kan Baba.

"Aradu, ku yi magana mana!" in ji makaɗi. "Ku kira shi!"

Mutane suka fara sulalewa ta ƙofa. Na cire rawani na jefar da bindiga, na durƙusa kusa da kansa kamar yadda nake durƙusa masa a gida.

"Baba, a tashi haka nan. Simintin da sanyi."

Bai buɗe ido ba. A hankali ya ce, "Ba kai ke tada ni ba. Kai ne ka kashe ni. Bari su."

Na bar su. Muka yi ta jira, ni da makaɗi, har sito ya zama ba kowa, har man janareta ya ƙare hoto ya ɗauke. A cikin duhun na ji ƙarar gwiwoyinsa. Ya dafa ƙasa ya tashi da kansa. Ya cire buhun taga ɗaya, ya kwance yadi ya ninke. Sannan ya ɗauki tsintsiya ya share wurin tas, duk da ba abin sharewa sai ƙura.

Bai sake maganar wasa ba. Bai yi fushi da kowa ba, ya dai rage magana, ya rage ci. Yakan zauna a zaure tun safe har azahar, in an gaishe shi ya amsa, bai ƙara tambayar wane da wane ba. Makaɗi yana zuwa su zauna shiru su rabu. Da ruwan farko ya sauka sai ya ce wa matata, "Yanzu da ana shuka." Ƙirjinsa ya kama, muka kai shi asibiti, aka ba da magani, muka dawo. Wata safiya surukata ta kai masa koko ta tarar ya cika. Likita zai ce ciwo ne, Malam zai ce kwana ne ya ƙare, kuma duk gaskiya ne. Ni dai na san ranar da na ga surukina ya fara tafiya.

Na daɗe ina jin haushin mutanen nan na sito. Mutumin da ya ƙi tashi sai an kira 'yar unguwarku ta bayan dutse, ya san ku ɗaya bayan ɗaya, a ce a rasa mai buɗe baki? Da wannan haushin na zauna makoki.

Ranar ukun nan, bayan la'asar, matata ta aiko a kira ni cikin gida. Ta ce wata baƙuwa ce take neman mugun. Na shiga na tarar da mace durƙushe a gaban surukata, da ɗan kwano na gyaɗa a gabanta. Ba tsohuwa ba ce, wahala ce ta tsufar da ita.

"Ni ce na yi ƙara ranar nan," in ji ta. "Ka yahe mani, na san ba kai ba ne. Tun ina budurwa nike zama bayan yadin Baba. In anka zo kiran garinmu, muryata ta hi ta kowa, tambayi duk wanda ya sani."

Ta juya bakin mayafi, ta ci gaba.

"Ranar da sunka shigo mana, maigidana ya buɗe masu da kanshi, don kada su ɓalle ƙohwar a kan yara. Nan bakin ƙohwa ya hwaɗi. Na ɗora kanshi a cinyata ina ta cewa tashi, tashi, har muryata ta dushe. Maƙwabta ina jin su, kowa abin da yake hwaɗa ma nashi ke nan. To da na ga Baba kwance, wallahi na buɗe baki. Kalmar ta ƙi hitowa. Duk wanda ke wurin nan ya riga ya hwaɗe ta inda ba ta yi aiki ba."

Surukata ta jawo kwanon gyaɗar gabanta ta riƙe.

"Ni na riga kowa hita," in ji matar. "Ya daɗe yana jira?"

Na so in ce a'a. Matata ta riga ni. Ta ce, "Ya daɗe."

Matar ta gyaɗa kai, ta yi addu'a, ta tashi ta tafi. Haushina ya bi ta, kuma wallahi da haushin ya fi mini sauƙi a kan abin da ya maye gurbinsa.

Yadin yana shagona a ninke a saman kanta. Ni da ba na barin ƙyalle ya kwana ban yanka ba, na kasa kai masa almakashi. Makaɗi ya tafi wurin 'ya'yansa da kalangunsa a buhu. Mahaucin nan mai gyale ba mu san inda yake ba. Fim ɗin yana cikin wayar matata, bebe kamar yadda yake, ba mai buɗe shi. Ba na yaudarar kaina cewa wata rana za a sake ɗaure yadi a Yankara. Ko an ɗaure, ba mai faɗuwa, kuma rabin garuruwan da za a kira ciyawa ce a cikinsu. 'Ya'yana za su girma su san kakansu a matsayin wani tsoho mai zaman zaure wanda ba ya magana. Abin da ya rage mini na wancan mutumin shi ne ɓawon gyaɗa ɗaya da dattijon Pauwa ya jefe ni da shi, yana aljihuna.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, manomi ne, bai taɓa ƙin buɗe wa baƙo ƙofa ba. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka ba wa wansa da matarsa da ɗiyarsa haƙuri. Mu mun gaza, ya jira mu ba mu kira ba. Ranar da za a yi kiran da ba mai kasa amsawa, ka tashe shi a tsakiyar mutanensa, kowane ƙauye da jama'arsa. Kada ka bari ya sake tashi shi kaɗai.